Daga Filin Makaranta Zuwa Gidan Kallo: Tarihin Gardamar Koci a Zariya

Daga nan Ƙofar Gayan nake magana, ko in ce Ƙofan Gayan yadda bakinmu na Zazzagawa ya saba, kuma yau kan ƙwallo shirin namu zai tsaya. Waɗanda suka saba ji muna maganar sarakuna da ganuwa kada su kashe, wannan ma tarihi ne.

Gardamar koci nake so mu duba. Kun san ta ai. Duk daren da aka taso daga gidan kallo, daga bakin asibitin Gambo Sawaba har cikin lunguna, abin da za ka ji ke nan: me ya sa ya cire wane, me ya sa ya koma tsaron gida tun minti 60, wannan kocin bai san aikinsa ba. Da yawa cikin matasanmu sun ɗauka tare da dish wannan gardama ta shigo garin nan. To ta girmi dish, ta girmi talabijin ma. A filayen makarantun kwana ta yi wayo, kuma shaidar tana nan a bakinmu. In an tambayi yaro a unguwa ina yake bugawa, ba zai ce maka baya ko tsakiya ba, cewa zai yi "biyar nake bugawa", ko "ni ɗan huɗu ne". Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta hanya biyu ƙwallo ta shigo Zariya. Ta farko jirgin ƙasa, wanda ya iso wajen 1911, ya kawo ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, aka kafa Sabon Gari. Su da ƙwallonsu suka zo. Ta biyu makaranta, kuma ita ce ta fi shafar ɗan birni, don a wancan zamani ɗan cikin ganuwa ba kasafai yake zuwa Sabon Gari wasa ba.

Kwalejin da muke kira Barewa a Katsina aka kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. A 1938 aka mai da ta Kaduna, a 1949 ta dawo Zariya, sai a 1971 aka sa mata sunan Barewa. Turawan da suka tsara ta a kan samfurin makarantun 'ya'yan manya na Ingila suka gina ta, irin su Eton da Harrow, inda wasanni wajibi ne kamar darasin lissafi. A raba yara gida-gida, kowane gida da kyaftin ɗinsa, da la'asar kowa ya fito fili. Kuma ku sani, da farko ba ƙwallon ƙafa ce a sahun gaba ba. Akwai kurket, akwai hoki, akwai Fives, wasan nan da ake buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya koya a Katsina ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Amma ƙwallon ƙafa ba ta buƙatar sanda, ba ta buƙatar ginin bango, takalmi ma ba dole ba ne. A hankali ta cinye sauran. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ya shiga kwalejin a farkon shekarun 1950, shi ne golan makarantar a zamaninsa, ban da gudu da dambe da yake yi.

To daga ina adawa ta fito? Ku dubi yadda aka zuba makarantun. Ita Barewa zaɓaɓɓun yara take ɗauka daga duk lardunan Arewa, ɗan Borno, ɗan Sakkwato, ɗan Ilori, ɗan Adamawa. Ga kuma Midil ta Zariya, wadda ta zama sakandaren lardi, daga baya ta zama Alhudahuda, ita ta 'ya'yan lardin Zazzau ce, 'yan gida. Ga St. Paul's ta mishan a Wusasa, wadda yanzu muke kira Kufena. Makarantu uku a gari ɗaya, kowacce da irin kallon da take yi wa kanta. Ɗan Barewa yana ganin shi aka tace daga cikin dubu. Ɗan Alhudahuda yana ganin garinsu ne, baƙo bai isa ya zo ya yi masa fankama ba. A aji ba sa haɗuwa balle a gwada. Fili ne kaɗai wurin da za a tsaya goma sha ɗaya da goma sha ɗaya a ga wanda ya fi. Duk wanda ya zauna da tsofaffin ɗaliban makarantun nan ya san har yau, da furfurarsu, ba su daina tsokanar juna ba.

Wanda ke riƙe da 'yan wasa a lokacin malami ne, malamin wasanni, da safe yana koyar da tarihi ko labarin ƙasa, da yamma ya rataya usur. A nan nake so mu ɗan daɗe, don ikonsa bai kai rabin na kocin yau ba.

Na farko, babu canji. Wanda aka fara da shi da shi za a gama. In yaro ya ji ciwo, ko dai ya fita a ci gaba da mutum goma, ko a tura shi gefe yana ɗingishi don dai ya cika lissafi. A Ingila kanta sai 1965 aka yarda da canji a gasar lig, shi ma mutum ɗaya, kuma sai in rauni ne. A gasar cin kofin duniya sai 1970. Na biyu, doka ba ta yarda mai horarwa ya tsaya bakin layi yana ba da umarni ba. Wannan ɗan akwatin da kuke gani an zana gaban benci, inda Simeone ke tsalle kamar an zuba masa garwashi, sai a farkon shekarun 1990 ya shiga dokar wasa. Saboda haka da zarar an busa usur, aikin malam ya ƙare sai hutun rabin lokaci. A cikin fili kyaftin ne sarki. Shi zai ce wane koma baya, wane matsa gaba.

Kun ga ke nan gardamar wancan zamani iri biyu ce kawai. Ta ɗaya, wa aka zaɓa. Me ya sa aka ajiye yaron gidan kaza aka sa na gidan kaza, ko don kyaftin ɗan gidansu ne. Ta biyu, yaya za a buga: a ɗaga dogon bal a bi ta da gudu, ko a ajiye ta ƙasa a riƙa miƙa wa juna. Wani dattijo a unguwarmu da ya yi makarantar kwana a shekarun 1960 yakan ce min su a wurinsu ɗan bayan kirki shi ne wanda in ya narka mata ƙafa sai an ɗaga kai ana neman ta a sama, 'yan kallo kuma su yi ta shewa. Mai ja da ita yana yanke mutane, in ya ci a ɗauke shi a kafaɗa, in aka ƙwace a ce son kai ya yi masa yawa. Kuma kada a yi wa mutanen da dariya. Filin da ya sha hunturu ya bushe kamar dutse, ƙwallon fata mai ɗinki wadda in ta sha ruwan damina nauyinta ya ƙaru, ga yara da yawa ba takalmi. A irin wannan fili, wanda ya ce a ɗaga ta sama yana da hujjarsa. Ai tawagar Najeriya ta farko da ta je Ingila a 1949 ma yawancinsu ba takalmi suka buga.

Yanzu mu koma kan lamba. Tsarin da malaman nan suka zo da shi daga makarantunsu shi ne 2-3-5: gola, 'yan baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar. Da aka zo sa lamba a riga, wadda ta zama dole a lig ɗin Ingila a 1939, sai aka bi wannan jeri. Gola 1. 'Yan baya 2 da 3. 'Yan tsakiya 4, 5, 6. 'Yan gaba daga dama zuwa hagu 7, 8, 9, 10, 11. Kun ga asali lamba biyar ɗan tsakiya ne, shi ne ma cibiyar wasa.

To me ya kai shi baya? A 1925 an sauya dokar satar gida. Da sai da abokan hamayya uku tsakaninka da layin gida, aka mai da su biyu. Sai ƙwallaye suka yi ta shiga raga kamar ruwa. Herbert Chapman na Arsenal ya janye lamba biyar ya dasa shi tsakanin 2 da 3, aikinsa ɗaya, ya hana lamba tara shan iska. Shi ne tsarin da ake kira WM. Sai a Nuwamban 1953 'yan Hungary suka je Wembley suka zuba wa Ingila 6 da 3. Mai lamba tara nasu, Hidegkuti, ƙin tsayawa gaba ya yi, ya riƙa komowa tsakiya, lamba biyar na Ingila ya rasa abin yi, ya bi shi ya bar gida a buɗe ko ya tsaya yana gadin iska. A wannan shekara ce dai, 1953, Kano ta ɗauki kofin Gwamna, karon farko da kofin ya bar Legas. Bayan Brazil ta ci kofin duniya a 1958 da 'yan baya huɗu, kowa ya ga sai an ƙara mutum a baya, Ingilishi suka janye lamba shida ya tsaya kusa da biyar. Ku duba tawagar Ingila ta 1966: Jack Charlton 5, Bobby Moore 6, su ne tsakiyar baya, Nobby Stiles 4 yana gabansu yana share fage.

To wallahi wannan jerin shi ne har gobe a bakin yaran Ƙofar Gayan. Biyu da uku gefen baya, biyar da shida tsakiyar baya, huɗu mai tare, takwas da goma masu rabawa, bakwai da sha ɗaya fukafukai, tara mai ci. Kada ku ɗauka haka yake ko'ina. A Ajantina in ka ce biyar, ɗan tsakiya mai tare kake nufi. A Brazil shida ɗan bayan hagu ne, shi ya sa Roberto Carlos ya riƙa sa ta a zamaninsa. Mu na Ingila muka gada, ta hannun malamin makaranta da ma'aikacin reluwe. Yaron da bai taɓa jin sunan Chapman ba, in ya ce "biyar ɗinmu ba ya da tsawo", maganar 1925 yake ƙarasawa.

Canji shi ne ya mai da koci abin zagi na minti-minti. Da aka ba shi damar taɓa wasa ana cikin yi, sai duk abin da ya faru ya zama laifinsa ko gwanintarsa. Misalai biyu sun ishe mu, kuma duk wanda ya haura shekara arba'in ya san inda yake zaune a ranakun.

Ranar 5 ga Yulin 1994, Najeriya da Italiya. Amunike ya ci tun kafin rabin sa'a. Aka ba Zola jan kati, Italiya ta koma mutum goma. Saura minti biyu a tashi Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara da fenariti. Tun daga ranar ake zagin Westerhof, wai ya kasa kashe wasa, wai bai yi canjin da ya dace ba. Ni dai ina ganin an yi masa yawa. Daniel Amokachi, ɗan Kaduna da ya fito daga Ranchers Bees, tun kafin hutu ya fita da rauni. Amunike ma ya fita da rauni ba a jima da dawowa hutu ba. A wannan gasa canji biyu aka yarda da shi, sai na uku in gola ne. Wato tun kafin minti 60 hannun Westerhof ya ƙare, ya koma kamar malamin wasannin Barewa na 1950, sai kallo da addu'a. In akwai laifinsa, a neme shi a shirin da aka yi kafin wasa da rigimar da ke cikin sansani. Amma abin da ya faru a mintunan ƙarshe, aikin waɗanda ke cikin fili ne su riƙe bal, su ci lokaci, kuma ba su yi ba.

Shekara biyu bayan nan, a wasannin Olamfik na 1996, an riga an ƙara canji ya zama uku. Brazil tana gabanmu 3 da 1. Ikpeba da Bonfrere ya sako daga benci ya rage, Zagallo ya cire Ronaldo yana ganin aiki ya ƙare, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma ci ta zinare. A wasan ƙarshe da Ajantina, Celestine Babayaro ya ci, Amokachi ya ci, yaran Kaduna biyu ke nan, sannan Amunike ya taso daga benci ya ci ta uku lokacin da 'yan bayan Ajantina suka ruga gaba don kama mu da satar gida tarkon ya ƙi kamawa. Aka ce Bonfrere gwani ne. Shi da Westerhof fa tare suka yi aiki, mataimakinsa ne a 1994.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Filin da aka buga wasannin nan biyu na 1996, Sanford Stadium a garin Athens na jihar Georgia, filin makaranta ne. Na Jami'ar Georgia ne, na ɗalibanta, kuma mutum sama da 86,000 suka kalli wasan ƙarshen a cikinsa. Haka filin Cotton Bowl na Dallas, inda Rashidi Yekini ya kama raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a 1994, nan ne duk watan Oktoba Jami'ar Texas da ta Oklahoma ke karawa, a raba filin biyu daidai, rabi masu jar riga, rabi masu ruwan lemo. Tun 1900 suke wannan adawa.

Su fa ƙwallonsu daban ce, ta hannu ce, mai siffar gwanda, ana sa hular kwano ana karo kamar raguna. Amma tushen ɗaya ne da namu, makaranta. Wasan farko tsakanin jami'o'insu, Rutgers da Princeton a 1869, da ƙafa aka buga shi, da ƙwallo zagayayya, mutum 25 kowane gefe. Daga baya ta rikiɗe. Kuma in kuna ganin mu muke da gardamar koci, to ba ku ga komai ba. A wasansu ana tsayawa bayan kowane yunƙuri, kuma koci ne ke faɗin abin da za a yi na gaba, a ruga da ita ko a jefa, ta dama ko ta hagu, sau sittin ko saba'in a wasa ɗaya. Kowane ɗaya abin musu ne har mako ya zagayo. Abin dariyar shi ne su ma da can haramun ne koci ya ba da umarni daga gefe, ɗan wasa ne ke yanke shawara a fili, kamar kyaftin ɗinmu. A hankali kociyoyi suka ƙwace, da aiken ɗan saƙo, da alamun hannu, da ɗaga alluna. A 2023 aka yi babbar badaƙala kan zargin Jami'ar Michigan da satar alamun abokan hamayya, a 2024 kuma aka yarda a sa rediyo cikin hular ɗan wasa koci ya yi masa magana a kunne. Kocin Jami'ar Georgia albashinsa ya haura dala miliyan 10 a shekara. Kocin ɗalibai fa.

Ban kawo wannan don in ce mu kwaikwaye su ba. Ni ban ga daɗin wasan da aka mai da ɗan wasa kamar ɗan dara a hannun wani ba, kuma kuɗin da ya shiga nasu ya kawo musu tasu fitinar. Abin da ya dame ni shi ne, su adawar makarantunsu ta rayu shekara ɗari da ɗoriya, tsohon ɗalibi yana kai jikansa kallo. Mu ina tamu?

Zariya fa ba ta rasa makarantu ba. ABU tun 1962, Samaru da Kongo. Ga tsohuwar FCE, ga Nuhu Bamalli nan kusa da mu, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Ana gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966, an kuma fara lig ɗin manyan makarantu a 2018. Ba ta rasa yara ba. Isaac Promise, Allah ya sa ya huta, wanda ya yi kyaftin ɗin tawagar da ta ci azurfa a Olamfik na 2008, a Zariya aka haife shi. Shola Ameobi na Newcastle ma haka. Amma ku tambayi matashi a majalisa yaushe ABU za ta buga, bai sani ba. Ku tambaye shi wa Madrid za ta sa a gefen hagu ranar Asabar, zai ba ku amsa har da dalili.

A ganina abin ya fara lalacewa ne daga jadawalin makaranta. Bayan shirin ilimi kyauta na UPE a 1976, yara suka yi yawa, kuma alheri ne. Amma makarantun kwana suka ragu, na jeka-ka-dawo suka yawaita, wasu ma aka raba su 'yan safe da 'yan rana. Wannan sa'a biyu ta bayan la'asar, wadda ita ce ran wasannin makaranta, ta ɓace. Inda aka rasa wurin gina aji, fili aka fara ci. Makarantun kuɗi da suka biyo baya da yawansu gidan haya ne, ko wurin fareti babu. Malamin wasanni ya koma mai shirya intahaus sau ɗaya a shekara, a yi maci, a raba kofuna, a tashi. Sai dish ya iso ya tarar da wuri a share. Babayaro ya je Chelsea a 1997, Kanu ya je Arsenal a 1999, Mikel ya bi Chelsea a 2006, kowa ya zaɓi gidansa a Landan.

Ƙwallon kanta ba ta mutu ba, unguwa ta koma. Ku zaga bayan ganuwa da yamma, daga nan har Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, duk inda aka sami ɗan sarari za ku ga an kafa duwatsu ko sanduna. Kowane kulob da kocinsa, wani tela ne, wani ɗan acaɓa, wani malamin firamare. Shi ke bin yara gida-gida yana roƙon iyaye, shi ke haɗa kuɗin bal da na mota in za a je wasa Samaru, in yaro ya karye shi ke kai shi wurin mai ɗori. Wannan mutumin shi ne magajin malamin wasannin da, sai dai ba albashi, ba firinsifal a bayansa, kofin da yake bugawa kuma yawanci sai kakar siyasa ta matso ake sa shi. Kuma shi kaɗai ne kocin da in ka yi masa ihu "cire lamba takwas ɗin nan" zai ji ka, ya juyo ya ba ka amsa, wani lokaci ma ya cire shi.

A nan za mu dakata yau. Tsofaffin ɗaliban Barewa da Alhudahuda da Kufena da ke saurarenmu, musamman waɗanda suka sa rigar makaranta suka buga, muna roƙo ku aiko mana da abin da kuka tuna, shekara, da fili, da lambar da kuka sa, in akwai tsohon hoto ma ku haɗo da shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.